Wata shida ina aiki da EZdrummer 3

Wani mawaƙi ne ya sa na sayi wannan manhaja ta kiɗan ganga a kwamfuta. Mun gama waƙarsa ta biki, na kunna masa, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "Malam, komai ya zauna, amma gangar nan tafiyar agogon bango take yi." Maganar ta tsaya mini a rai, don gaskiya ya faɗa. Na daɗe ina jera kiɗa a FL Studio, manhajar haɗa waƙa, kowane bugu a kan layinsa daidai, duk da ƙarfi ɗaya, ina ganin tsafta ce. Ashe tsaftar ce ke kashe kiɗan.

Kamfanin Toontrack na ƙasar Suwidin ne ya fitar da EZdrummer 3 a 2022. An ɗauki sautin gangunan a sitidiyon Hansa da ke Balin, a Jamus, a hannun injiniya Michael Ilbert: jerin ganguna bakwai, a ɗakuna uku masu amo daban-daban. Tana buɗewa cikin FL Studio ba wata wahala, kuma tana iya aiki ita kaɗai.

Abin da ya fara kama ni shi ne ƙarfin bugu. A tsarin MIDI, wato yadda kwamfuta ke rubuta umarnin kiɗa, ƙarfin bugu yana tafiya har zuwa 127. Da tsofaffin sautukan da nake amfani da su, in ka rage lambar, ƙara ce kawai ke raguwa, sautin yana nan yadda yake. A nan kuwa bugu mai laushi an ɗauke shi daban, mai ƙarfi ma daban, don fata ba ta amsa lallashi yadda take amsa duka. Ko ka maimaita bugu ɗaya sau takwas a jere, ba za ka ji abu guda yana ta dawowa kamar harbin bindiga ba. Wannan kaɗai ya raba ni da rabin matsalata.

Sauran rabin kuwa koyo ne, kuma a nan na fi cin moriyar kuɗina. Manhajar ta zo da tarin kiɗe-kiɗe waɗanda makaɗa na gaske suka buga da hannunsu. Na yi sati biyu ba na haɗa komai, sai in buɗe su a Grid Editor, wato allon da ke nuna kowane bugu a gurbinsa, in zuba ido. Na ga hayihat, wato faifan ƙarfe biyu masu haɗe baki, ba ya tafiya da ƙarfi ɗaya: bugu mai nauyi, mai sauƙi, mai nauyi, mai sauƙi, kamar takun mai ɗauke da tulu. Na ga wasu ƙananan bugu a kan sineya, ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti, waɗanda ni nake kira bugun raɗa. Da ƙyar kunne ke kama su, amma ka goge su ka ji yadda kiɗan zai zama fanko. Na kuma ga babban bugun sineya yakan ɗan makara kaɗan, ba sau ɗaya ba, kusan ko da yaushe.

Wannan makarar ta cancanci a tsaya a kanta. In waƙa tana gudun bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin daƙiƙa ne, wato milisakan 500, tunda milisakan dubu ne daƙiƙa ɗaya. Raba shi huɗu, ka samu 125. In ka ja sineya baya da milisakan 10 ko 15, ba wanda zai ce an yi kuskure, amma kafaɗa za ta ji kiɗan ya kwanta. In ka tura shi gaba, sai ya zama mai ɗoki. A da ina danna Alt da R in watsa bugun barkatai, ina zaton haka mutum ke kiɗa. Ba haka ba ne. Gwanin makaɗi yana da inda yake karkata, kuma yana riƙe da karkatar daga farko har ƙarshe. Watsi barkatai hannun ɗan koyo yake fitarwa.

Haka batun lilo, wato jinkirta bugu na biyu cikin kowane biyu. Roger Linn ne ya shigo da shi injin ganga, a LM-1 ta 1980, daga baya a MPC60 ta kamfanin Akai a 1988. A lissafinsa 50 miƙe ne, 66 kuma tafiyar uku-uku ce. Ni tsakanin 54 da 58 nake zama in waƙar mai sanyi ce.

Akwai Tap2Find, inda za ka buga abin da ke kanka ta nemo maka mai kama da shi, da Bandmate, inda za ka jefa mata sautin jita ko fiyano ta ba ka shawarar ganga. Ta farkon nake yawan taɓawa. Ta biyun takan ba ni mafari mai kyau in waƙar ta zamani ce, amma da an shiga tafiyar kiɗan bikinmu sai na koma jerawa da hannu, don makaɗan da suka buga tarin nan ba a wannan kiɗa suka tashi ba. Wata ƙa'ida da nake kiyayewa yanzu: hannu biyu da ƙafa biyu makaɗi ke da su, saboda haka ba na bari abu uku na hannu su faɗo lokaci guda.

Kalangu kuwa babu shi a ciki, ban kuma sa ran samunsa ba. Muryarsa a hammata take, a matsa tsarkiya da sakinta, kowane bugu da nasa hawa da sauka. Don haka makaɗin kalangu nake gayyata. Da can shi nake sa wa na'urar kunne ya bi kwamfuta, yana ta ɗari-ɗari. Yanzu shi nake fara ɗauka, ya yi yadda hannunsa ya so, sannan in zauna in matsar da kik, wato babbar gangar ƙafa, da sineya ɗaya bayan ɗaya su bi sawunsa. Yana cin awa biyu ko uku a waƙa ɗaya, kuma ina yi.

Mai ƙaramin sitidiyo ya sani da kuɗin waje ake sayenta, tana kuma cin wajen gigabayit 15, don haka a tanadi wuri a kwamfuta kafin a sauke.