Kai koken tsararren ɗan adawa gaban kwamitin Jeniba: amfaninsa da iyakarsa

Idan aka kwashe masu zanga-zangar lumana bayan zaɓen da ake taƙaddama a kansa, kotu kuma ta yi ta ɗage zama, akwai wata ƙofa da iyalai ba su cika sani ba: kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Jeniba mai duba tsare mutane ba bisa ƙa'ida ba. An kafa shi a 1991, masana 5 ne, suna zama sau 3 a shekara.

Abin yabawa, ba a biyan ko sisi, kuma ba sai an gama ɗaukaka ƙara a gida ba. Dangi, lauya ko ƙungiya na iya shigar da koke da yardar wanda aka tsare ko iyalinsa, da Turanci, Faransanci ko Sifaniyanci, kada ya wuce shafi 20.

Inda koke ke yin rauni shi ne a cika shi da kukan zalunci babu kwanan wata. Ba maguɗin zaɓe kwamitin ke bincika ba, kamun yake dubawa. A rubuta ranar kamu da wurin, su wa suka zo, da kaki ko da farin kaya, sun nuna sammaci ko a'a, kwana nawa kafin a kai shi gaban alƙali, yaushe lauya ya fara ganinsa, wace tuhuma aka karanta masa. Gwamnati kan ce tarzoma aka tayar, don haka hujjar cewa taron na lumana ne tana da nauyi ƙwarai.

Sai dai fa akwai jira. Ana ba gwamnati kwana 60 ta amsa, tana iya neman ƙarin wata guda, sannan a saurari zaman kwamitin. Idan tsararre na kwance ba magani ko ana azabtar da shi, a nemi kiran gaggawa, wannan hanya daban ce.

Babbar nakasar ita ce ra'ayi kawai kwamitin ke bayarwa, ba shi da ɗan sanda. Ya sha bayyana tsare Aung San Suu Kyi, jagorar 'yan adawar ƙasar Bama (Myanmar) a lokacin, a matsayin haramtacce, amma bayan kamun da aka yi mata a 2003 sojojin ƙasar ba su sake ta ba sai Nuwamban 2010. Duk da haka takardar na yi wa lauya amfani a kotu da gaban jakadu. A kuma sani cewa koken zai isa hannun gwamnati da sunan mutum a jiki, don haka a yi shawara da iyali tukuna.