Man da Ya Kamata Ka Saya Idan Ka Rage Tuwo Kuma Gyaɗa ko Madara Ba Ta Karɓe Ka

Duk wanda ya yanke shawarar rage tuwon gero, fura, shinkafa da burodi domin ya sauke ƙiba ko ya daidaita sukarin jininsa, zai tarar cewa maiƙo ne ya koma ginshiƙin abincinsa. Tsarin da ake kira keto, wanda likita Russell Wilder ya raɗa wa suna a Amurka a 1921 domin kula da masu farfaɗiya, yana taƙaita sitaci da sukari tsakanin giram 20 da 50 a yini, alhali malmalar tuwo ɗaya ta zarce haka. Yawancin sauran ƙarfin jiki daga mai da kitse yake fitowa, saboda haka kwalbar man da mutum zai ɗauko a Kasuwar Dole da ke Damagaram ta zama abin da ya kamata ya tsaya ya yi wa tunani, musamman idan jikinsa yana ƙin wasu abubuwan da kowa ke ci.

Ni abu biyu ne ba sa karɓa ta. Ɗanyar madara tana kumbura mini ciki, gyaɗa kuwa tana fesa mini borin jini har leɓɓana su kumbura, kuma zama a Damagaram da ƙin gyaɗa jarrabawa ce, domin ƙuli-ƙuli yana cikin yajin tsire, tunkuza tana jikin yawancin kilishi, man kuma yana cikin kusan kowace tukunya. Man gyaɗar da mata suke matsewa a gida mai kyau ne ga wanda ta karɓa, amma ba a tace shi irin na masana'anta ba, don haka furotin ɗin da ke tayar da cutar yana nan a ciki. Ga irina, maganarsa ta ƙare a nan.

Man zaitun lafiyayye ne, sai dai tsadarsa ba ta barin a yi girkin kullum da shi, kuma wanda aka rubuta wa "grignons" a jiki daga tukar zaitun aka tatso shi. Manja ba shi da madara ba shi da gyaɗa, amma ba kowace miya yake shiga ba, kuma an sha kama shi da rinin da ake kira Sudan a kasuwannin Afirka ta Yamma. Man riɗi yana da ƙamshi, illa dai shi ma riɗin yana cikin abubuwan da ke tayar wa wasu da borin jini, kuma sau da yawa injin da ya niƙa gyaɗa shi ke niƙa shi. Margarin ba na ma lissafa shi.

Abin da na tsaya a kai shi ne soyayyen man shanu. Madarar saniya tana ɗauke da kusan giram 5 na sukarin laktos a kowane mililita 100, kuma shi ne yake wahalar da masu irin cikina. Idan aka kaɗa nono aka tsame mai, yawancin wannan sukari yana zama a cikin tsala, sannan idan aka ɗora man a wuta kaɗan-kaɗan, ruwan ya ƙone, abin da ya rage na nono ya kwanta a gindin tukunya, sai a tace da ƙyalle mai tsabta a sami mai kusan zalla. Yana jure zafin suya fiye da ɗanyensa, yana yin watanni a kwalba ba tare da firij ba ko da a zafin Afrilu da Mayu, kuma cokali ɗaya a kan kwaɗon zogalen da ba a sa wa ƙuli ba, ko a miyar kuɓewa da ƙwai biyu, yana riƙe mutum daga hantsi har la'asar. Amma a bambanta abu biyu: wanda laktos ne kawai yake damunsa yakan sha lafiya da shi, wanda kuwa furotin ɗin madara yake sa wa kumburi ko sarƙewar numfashi, ragowar da ba ta taka kara ta karya ba tana iya kayar da shi, don haka kada ya gwada sai da izinin likita. Haka kuma man shanu yana ɗaga kolestarol a jikin mutane da yawa, kuma mai ciwon sukarin da ke kan insulin ko ƙwayoyi, idan ya yanke tuwo ba a gyara masa magani ba, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa warwas.

Babbar matsalar ita ce algus. Da rani, lokacin da shanu suka rame nono ya yi ƙaranci, na sayi kwalbar soyayyen mai a hannun wani mai tebur da ya rantse mini cewa daga ruga aka kawo shi. Ƙamshin albasa ya rufe komai, ashe an tsinka shi da man gyaɗa, kuma daren nan a likita na kwana. Tun daga ranar na daina sayen wanda aka riga aka soya, domin suya da albasa ita ce rigar da ha'inci yake sawa. Ana haɗa shi da margarin, da narkakken kitse, da man jarka, wasu ma har da dafaffen dankali ko garin rogo a cikin ɗanyen domin ya ƙara auki.

Saboda haka ka sayi ɗanye, curi-curi a cikin ƙwarya, daga hannun Bafulatanar da kake gani kowace Alhamis, ka soya da kanka. Kafin ka zuba duka a tukunya, narka kaɗan a cokali: na gaskiya yana kumfa, ya washe, ya bar ɗan gari ja-ja a ƙasa, mai sitaci kuwa yana barin dunƙule mai danƙo. Idan ka ɗiga ruwan aidin na wanke ciwo a kan narkakken man ya koma shuɗi mai duhu, akwai gari a ciki. Launi kaɗai ba hujja ba ne, domin man damina yana fin ɗorawa saboda ɗanyar ciyawa, na rani kuma yakan yi fari-fari, kuma mai ha'inci ya san haka sarai. Mummunan labarin shi ne babu gwajin gida da zai tabbatar maka babu man gyaɗa a cikin soyayye, ko firij bai cika raba su ba idan kaɗan aka zuba.

Lokacin saye shi ne Agusta zuwa Oktoba, sa'ad da nono ya wadata kuma farashi ya sauka. Ni a lokacin nake soya na watanni, in zuba a kwalaben gilashi busassu waɗanda ban taɓa sa wani mai a ciki ba, kuma ina da tukunya da ludayi na daban waɗanda ko uwargida ba ta soya ƙosai da su.