Ƙofar ɗakin sabar: na'urar yatsa ko kati?

Malam, tsakanin na'urar yatsa da kati a ƙofar ɗakin sabar ɗinku, wato ɗakin manyan kwamfutocin da ke ajiye bayanai, kati za ka sa. Amma ba kowane kati ba: MIFARE DESFire EV2 ko EV3, haɗe da lambar sirri, kwanturola kuma, wato na'urar da ke ba da umarnin buɗe ƙofa, ta kasance a cikin ɗakin.

Wannan tsari yana da daɗin sha'ani. Abin da ke waje shi ne mai karanta kati kawai, ba shi da ikon buɗe komai. Yana aika bayani ciki, kwanturola ta duba, sannan ta saki makulli. Ko mutum ya ɓalle shi daga bango, wayoyi huɗu zai tarar, biyu na wuta biyu na bayani, kuma ko ya haɗa su ƙofa ba za ta motsa ba. Ma'aikaci ya yar da katinsa a adaidaita, cikin minti ɗaya ka soke shi, ba sai an canza makulli ba. Rajista kuma tana nuna wanda ya shiga da ƙarfe nawa. Ka dai tabbatar layin da ke tsakanin mai karanta kati da kwanturola irin wanda ake kira OSDP ne, mai ɓoye bayani. Tsohon layin Wiegand a fili yake aika lambar kati, ana iya maƙala masa ƙaramar na'ura ta kwashe duk lambobin da suka wuce.

Na'urar yatsa irin wadda ake liƙawa ita kaɗai a bakin ƙofa, to, tana da amfani wajen ɗaukar sunan masu zuwa aiki. Nan ta tsaya. Rile, wato ɗan makunnin da ke buɗe makulli, yana cikinta, ita kuma tana waje. A kwance noti biyu a taɓa waya, shi ke nan. Ga ƙurar hunturu, ga kaushin yatsa, ga lalle. Idan ta cika ƙin karɓar mutane, sai ka ga an tokare ƙofar da kujera.

Makullin ma abin dubawa ne. Na maganaɗisu mai ƙarfin kilo 280 da wuta yake riƙewa, ana ɗauke wuta ya saki. In dole shi za ka sa, ka ba shi batir 12V 7Ah kuma ka jona shi a UPS, na'urar da ke ci gaba da ba da wuta idan an ɗauke. Ya fi kyau ka sa makullin lantarki mai zama a kulle idan babu wuta, da hannu a ciki wanda mutum zai murɗa ya fita lokacin gobara. Kada ka yarda da na'urar da ke buɗe ƙofa da zarar ta ji motsi daga ciki, domin ana yaudararta da feshin iska mai sanyi ta tsagar ƙofa.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu sayarwa. Da yawa za su miƙo maka farin kati tsohon samfuri mai 125 kHz su rantse ba ya kwafuwa, alhali ƙaramar na'ura mai araha tana kwafe shi cikin daƙiƙu. Katin MIFARE Classic ma, wanda ya girmi DESFire, tun 2008 masu bincike a jami'ar Radboud ta ƙasar Holan suka fasa sirrinsa. Gwajin ba wuya: ka sa manhajar NXP TagInfo a waya mai NFC, wato mai iya karanta kati idan an kara shi a jikinta, ka ɗora katin a bayanta. Mai 125 kHz waya ba za ta gan shi ba sam, sauran kuma za ta faɗa maka sunansu. Kafin ka biya cikon kuɗi, mai haɗawa ya canza lambar sirrin kamfani a gabanka, ya miƙa maka duk katunan gudanarwa.

Sannan ka ɗauki tsani ka ɗaga silin. Sau da yawa bangon ɗakin a nan yake ƙarewa, mutum ya hau daga ofishin da ke maƙwabtaka ya diro ciki. A 2007 ɓarayi sun shiga wata cibiyar ajiye bayanai a Chicago ta hanyar yanka bango da zarto mai inji. Ka kai bulo har rufin kankaren da ke saman silin, ka sa ƙarfe a ramin AC, kyamara ɗaya ta kalli ƙofa daga ciki, na'urar da ke naɗar hoton kuma ka ajiye ta a wani ɗaki daban.