Faundeshin da Ke Yin Duhu a Fuska: Bushewa Ce Ko Maiƙon Fata?

Wata 'yar uwarmu daga Pantami a garin Gombe ta kawo tambaya kan faundeshin ɗin da ta saya a kasuwa, wato man kwalliyar da ake shafawa a fuska don rufe tabo da daidaita launin fata. Ta ce da aka shafa mata shi a bayan hannu cikin shago ya dace da fatarta, amma ranar da ta yi kwalliya da shi zuwa kamun ƙawarta, kafin la'asar fuskarta ta fi wuyanta duhu, har da wani ja-ja a goshi da gefen hanci. Tana so ta san ko jabu aka sayar mata, ko kuwa fatarta ce ba ta karɓe shi ba.

'Yar uwa, duhun da faundeshin ke yi iri biyu ne, kuma mai asali ma yana yin su duka. Na farko yana zuwa ne daga bushewar shi kansa faundeshin ɗin, na biyu kuma daga maiƙon da fata ke fitarwa. A madubi sun yi kama da juna, amma lokacin da kowanne ke bayyana daban ne, inda yake kamawa a fuska daban ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Wadda ta haɗa su wuri guda za ta yi ta canza kwalba ba tare da ta ga sauƙi ba.

Launin kusan kowane faundeshin yana fitowa ne daga gari iri huɗu. Uku daga cikinsu sinadaran ƙarfe ne masu launin rawaya da ja da baƙi, na huɗun kuma farin gari ne da ake samu daga taitaniyam, wanda shi ne ke rufe tabo da haskaka haɗin. Masu kwalliya da yawa sukan ce iska ce ke taɓa wannan garin ya canza launi, amma waɗannan sinadaran ƙarfen sun riga sun gama haɗuwa da iskar oksijin tun kafin a zuba su a kwalba, shi ya sa ake amfani da irinsu a fentin gini da ke shan rana shekara da shekaru. Garin bai canza ba a fuskarki. Abin da ya kewaye shi ne ya canza, sai haske ya riƙa dawowa ido ta wata fuska dabam.

Duhun bushewa shi ne mai sauƙin ganewa. Faundeshin na ruwa haɗi ne na garin launi da ruwa da wani silikon mai saurin tashi. Yayin da yake da danshi, ƙananan ɗigon ruwan da ke cikinsa suna warwatsa haske, sai ya yi kamar ya fi ainihin launinsa haske. Cikin minti 10 zuwa 15 ruwan da silikon ɗin sun tashi, garin launin ya matse a kan fata, launin gaskiya ya fito. Wannan duhun yana kama fuskar gaba ɗaya daidai wa daida, kuma da zarar ya kai inda zai kai sai ya tsaya. Nau'in da aka yi don ya bushe ƙarau ba sheƙi, wanda masu maiƙon fata suka fi saye, shi ne ya fi yin wannan sauyin.

Duhun maiƙo kuwa a hankali yake shigowa, yawanci bayan awa biyu zuwa huɗu, kuma ba ya tsayawa sai an wanke fuska. Ƙofofin gashin fata suna fitar da maiƙo duk yini, sun kuma fi yawa a goshi da hanci da haɓa. Maiƙon yana ratsowa ta ƙasan faundeshin ya jiƙa garin launin ya cike 'yan guraben iskar da ke tsakaninsa. Farin garin, wanda aikinsa shi ne mayar da haske, yana rasa wani ɓangare na ƙarfinsa idan ya jiƙe da mai, sai jan da rawayan su rinjaya. Duk wadda ta lura da takardar da aka naɗe ƙosai a ciki ta ga wannan: inda mai ya taɓa ya yi duhu, alhali takardar ba ta ƙone ba, ba ta kuma yi datti ba. Wannan ne ya sa duhun maiƙo yake zuwa dabbare-dabbare, ya fi kama tsakiyar fuska, ya kuma karkata zuwa launin lemo ko ja, kumatu kuwa su kasance kusan yadda aka bar su.

Yanayin garinmu yana ƙara wa na biyun ƙarfi. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Gombe da Bauchi ke kusantar digiri 40, gumi da maiƙo suna haɗuwa su narkar da kwalliyar, ƙurar hanya kuma ta manne a kai, musamman ga wadda ta hau Keke Napep ko acaɓa zuwa wurin biki. Da hunturu kuma matsalar takan zo daga hannunmu ne. Saboda tsoron kaushi mukan lafta basilin ko man kaɗanya ko man kwakwa, sannan mu ɗora faundeshin nan take, wato mun jiƙa garin launin da mai tun kafin fata ta fitar da nata.

Akwai gwaji ɗaya da zai raba miki gardama. Ki shafa kaɗan a kan farar takarda mai santsi ko a kan faranti, ki shafa wani a muƙamuƙinki, ki jira rubu'in awa. Sai ki ɗiga sabo a gefen kowanne. Idan busasshen ya fi sabon duhu har a kan farantin da ba shi da maiƙo, to bushewa ce. Idan kuwa na farantin bai sauya ba, na fuska ma ya zauna lafiya da farko sai bayan wasu awoyi ya juya, to maiƙo ne.

Maganin duhun bushewa yana shago ne, kafin a biya kuɗi. Bayan hannu ba wurin gwaji ba ne, domin launinsa ba lallai ya zo ɗaya da na fuska ba, ballantana ga mai sa niƙabi wadda hannunta ya fi fuskarta shan rana. A ja layi uku na launuka masu kusanci daga muƙamuƙi zuwa wuya, a fita daga hasken ƙwan shago zuwa hasken rana, a je a yi sauran cefane, sannan a duba madubi. Wanda ya ɓace cikin fata bayan ya bushe shi ne naki, ko da a cikin kwalba ya yi kamar ya fi ki haske. Idan an riga an saya, ba sai an zubar ba. Ana iya haɗa shi da ɗigo ɗaya ko biyu na wani mai ɗan haske daga kamfani ɗaya.

A nan ne nake ganin shawarar da ake yawan bayarwa, wai a riƙa sayen wanda ya fi fata haske da mataki ɗaya, take da rauni. Ga duhun bushewa tana aiki. Ga duhun maiƙo kuwa cutarwa take yi, domin za ki fita da safe da fuska fari fat kamar an barbaɗa toka, zuwa yamma goshi da hanci su yi duhu, kumatu su tsaya a farinsu, bambancin ya fi na da fitowa, musamman a hoton da aka ɗauka da filasha.

Duhun maiƙo aikin gida yake so. A wanke fuska da sabulu marar ƙarfi, domin mai ƙarfi yana busar da fata ya bar ta da kaushin da faundeshin zai taru a kai. A shafa man fuska marar nauyi wanda ruwa ya fi yawa a cikinsa, a ba shi kamar minti 10 ya shige. Haka ma man kariya daga rana, a bar shi ya zauna tukuna. Sannan a sa firaima mai hana sheƙi, wato man da ake shafawa a ƙarƙashin faundeshin, a goshi da hanci da haɓa kawai. Sinadarin silika ko farar laka da ke cikinsa suna shanye maiƙon kafin ya kai ga garin launi. Faundeshin ɗin a shafa shi siriri da soso mai ɗan danshi, a ƙara kawai inda tabo yake, domin kauri yana ƙara yawan garin da zai jiƙe. A danne da hoda marar launi. Hoda mai launi, idan aka yi ta maimaita ta a kan maiƙo duk bayan awa ɗaya, ita kanta tana ƙara duhun, saboda launi ake tarawa bisa launi. Abin da ya fi shi ne a dafa takardar tsane maiƙo ko tishu a wurin, ba tare da gogawa ba, sannan a ɗora hoda kaɗan. Bayan alwala ma gara a goge ragowar a sake sabo da a ɗora wani a kan wanda ya jiƙe. Soso da buroshi kuma a riƙa wanke su duk mako, domin tsohon maiƙo da tsohon launi suna maƙale a cikinsu.

Wurin da iska take da laifi da gaske shi ne cikin kwalba. Man da ke cikin haɗin yana haɗuwa da iska ya lalace idan ya daɗe ko ya sha zafi, irin wanda aka bari a mota ko aka baza a rana a bakin kasuwa. Alamarsa ita ce warin tsohon mai, da rabuwar ruwa da gari wadda girgizawa ba ta gyarawa. A jikin yawancin kwalabe akwai hoton ƙaramin gwangwani buɗaɗɗe da rubutu irin 12M ko 24M, wato adadin watannin da za a yi amfani da shi bayan an buɗe. A duba wannan, a duba lambar NAFDAC, wanda ya lalace kuma a rabu da shi.

Game da naki, 'yar uwa, bayanin da kika bayar ya fi nuna maiƙo: sauyin ya ɗauki awoyi, ya tsaya a goshi da gefen hanci, ya kuma karkata zuwa ja. Gwajin bayan hannu da aka yi miki a shago yana iya ƙara nasa, don haka ki fara da gwajin faranti. Idan launin ya tsaya a nan, ki riƙe kwalbarki, ki rage man da kike shafawa a ƙasa, ki nemi firaima da hoda marar launi kafin biki na gaba.