Kumburin ƙoƙon gwiwa da ciwon guringuntsi: yadda ake bambancewa

Wani ɗan'uwa mai sa tayil a Kakuri ya ce ƙoƙon gwiwarsa ya kumbura, an ce masa guringuntsi ne ya cinye. Malam, sannu da jiki. Da wuya shi ne, fara duba inda kumburin ya zauna.

In a saman ƙoƙon yake, ya taru kamar ƙwai, yana lotsawa in an danna, galibi 'yar jakar ruwan da ke tsakanin fata da ƙashi ce ta cika saboda yawan durƙuso. Ciwon masu tayil ne da makanikai. Za ka taka lafiya, amma sujada ta gagara. Daina durƙuso na ɗan lokaci, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20, sau 3 a rana. In ka koma aiki ka riƙa sa katifa a ƙasa.

Na guringuntsi daga ciki yake. In na bayan ƙoƙon ne ya yi laushi, zafin kan taso wajen saukowa daga bene, tsuguno, ko dogon zama a mota kamar daga Kaduna zuwa Abuja, gwiwar tana ƙas-ƙas. In kuwa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙauri ne ya yage bayan murɗewa, a gefe ake jin ciwon, kumburin sai washegari ya kewaye ƙoƙon, wani lokaci gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa. Guringuntsi ba shi da wadatar jini, shi ya sa yake jinkirin warkewa. Hoton ƙashi ma ba ya nuna shi, sai dai a ga tazarar gaɓar ta tsuke. Hoton MRI, mai nuna nama da jijiyoyi, shi ke nunawa. A ciwon guringuntsi, atisayen ƙarfafa naman cinya da rage ƙiba sun fi shaye-shayen maganin rage ciwo na diclofenac, wanda ke tayar da olsa ya kuma taɓa ƙoda.

Amma fa in wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, ƙwayar cuta ake zargi, balle ga mai ciwon suga ko sikila. Kada wanzami ya tsaga, ta nan ruɓa ke shiga. A tafi asibiti ranar, kamar Barau Dikko, a zuƙo ruwan da allura a gwada shi.