Wankin haƙorin Inna a Sakkwato: likitan ya burge ni, masu karɓar kuɗi sun ɓata mini rai

Mun je ne a cire wa Inna haƙora biyu, muka dawo gida da su a bakinta. Wannan kaɗai ya isa in riƙa yi wa likitan nan addu'a. Asibitin haƙori ne mai zaman kansa a cikin garin Sakkwato. Ba zan kama suna ba, domin akwai abin da zan faɗa a gaba wanda ba yabo ba ne, kuma kuɗin da irin waɗannan wurare suke karɓa kowa ya sani, ba sai na tsaya lissafi ba.

Inna ta daɗe tana fama da dasashi. Duk asuba in ta yi asuwaki sai ka ga bakin icen ya yi jajawur da jini. Daga baya bakin ya fara wari, har ta koma in za ta yi magana a cikin mata sai ta kare da gefen mayafi, kuma wannan ya fi komai ci mini rai, don Inna mai son hira ce. An yi ruwan gishiri, an yi kanumfari, an yi gawayi. Mai kemis ya haɗa mata amoksisilin da Flagyl, kumburin ya sauka, ya sake dawowa. Da haƙoranta na gaba na ƙasa suka fara girgiɗi, nama ya gagare ta, ita da kanta ta ce a kai ta a cire ta huta.

Likitan matashi ne. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce, "Inna, buɗe mini in gani tukun, maganar cirewa sai mun duba." Ya ɗauko wani siririn ƙarfe mai layi-layi na awo, yana zura shi a hankali tsakanin haƙori da dasashi, yana faɗa wa nas lamba tana rubutawa. Da na tambaya ya ce dasashi mai lafiya zurfin wannan wurin ba ya wuce milimita 1 zuwa 3. Na Inna akwai inda ya kai 6. A cikin wannan ramin ƙwayoyin cuta suke taruwa, buroshi ba ya kai musu, suna nan suna jawo kumburin da ke cinye ƙashin da ya riƙe haƙori. Shi ya sa haƙorin ke girgiɗi alhali shi kansa babu ko ɗigon ruɓa a jikinsa. Shi ya sa kuma ƙwayoyin kemis suke kwantar da abin na ɗan lokaci kawai, tunda dauɗar da ke haddasa shi tana nan inda take.

Sai ya ajiye ƙarfen ya dube ta ya ce, "Inna, an taɓa yi miki gwajin suga?"

Ta ce, "Ɗana, ni hawan jini anka ce ina da shi, ban san wani suga ba."

Ya ce ta nuna masa maganin da take sha. Ta kwance bakin zani ta fiddo katin, amlodifin ne. Ya ce wannan maganin yakan sa dasashin wasu mutane ya ƙara kauri, kada ta kuskura ta daina sha, amma ta gaya wa likitan da ya rubuta mata. Sannan ya ce lallai a gwada sugarta kafin ya yi nisa da aikin, domin yadda ya ga dasashin nan bai kwanta masa ba. Ya bayyana mana cewa mai ciwon suga ya fi wanda ba shi da shi saurin kamuwa da ciwon dasashi mai tsanani, kusan ninki uku, kuma shi ma ciwon dasashin yana hana suga daidaituwa, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Muka je aka gwada. Suga ya hau sosai. Wallahi jikina ya yi sanyi. Inna ta jima tana yawan shan ruwa da tashi fitsarin dare, duk gida an ɗauka zafin Sakkwato ne da girma. Mutumin da aka kai wa haƙori ya cire, da ya so da ya zare su ya karɓi kuɗinsa mu tafi, shi ne ya gano mana ciwon da ke cin ta a ɓoye. Ba na jin zan manta masa wannan. Yanzu tana ganin likitan suga, tana shan magani.

Maimakon cirewa, likitan wankin haƙori ya yi mata. Wankin kansa ba a zama ɗaya aka yi ba, gefe-gefe ya bi, inda ramin ya yi zurfi ya yi mata allurar kashe zafi. Na'urar tana ƙara tana fesa ruwa. Can sai ga wani ɓantare baƙi-baƙi ya faɗo daga bayan haƙoran ƙasa, Inna ta zabura ta riƙe masa hannu: "Wayyo, ɗana, ka karya min haure!" Ya tsaya, ya ɗora abin a kan auduga ya nuna mata, ya ba ta madubi ta ga haƙorinta lafiya lau. Dauɗa ce ta shekaru ta daskare, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ya ce farar dauɗar nan mai laushi da ke taruwa a gindin haƙori kullum, in ba a goge ta ba cikin 'yan kwanaki take ƙanƙarewa, kuma da ta ƙanƙare babu buroshi ko asuwakin da zai cire ta sai na'ura.

Bayan an gama, giɓi ya bayyana tsakanin haƙoran, ruwan randa ma in ta sha sai ta runtse ido. Maƙwabta suka taso da maganar da kowa ya sani, wai ai dama wankin haƙori yana sassauta haƙora. Da likitan bai riga ya gargaɗe mu ba da mun yarda. Giɓin yana nan tun da, dauɗa da kumburi ne suka rufe shi. Sanyin ya ragu a hankali, jinin ya tsaya, warin ya tafi. Haƙori ɗaya ya yi ƙarfi. Ɗayan har yanzu yana ɗan motsi, kuma bai ɓoye mana ba, ya ce ƙashin da ya riga ya cinye ba ya dawowa, wataƙila wata rana a rasa shi.

Da a nan abin ya tsaya da babu abin da zan rubuta sai yabo. Amma duk lokacin da na tuna kwalbar maganin da suka sayar mana raina sai ya sake ɓaci.

A kanta, wurin biyan kuɗi, aka haɗa mana da ruwan kurkure baki mai kuloheksidin. Yarinyar da ke wurin idonta na kan waya, ta turo kwalbar ta ce, "A kurkure safe da dare." Shi ke nan. Ba takarda, ba a ce har zuwa yaushe ba. Inna kuwa in an ce likita ya ce, to ta riƙe ke nan. Kwalba ta ƙare, ƙanwata ta koma, suka sake sayar mata da wata ba tare da tambayar komai ba. Haƙoran da aka wanke fes suka fara yin ruwan ƙasa, harshenta ya yi duhu, ɗanɗano ya ɗauke. Ta ce miyar kuka da ruwa duk ɗaya take jin su. Ta rage cin abinci, ga ta kuma ta fara shan maganin suga, wanda duk mai jinyar irin wannan ya san haɗarin shan sa ciki babu komai. Kuma ta shiga damuwa, tana ganin wani sabon ciwo ne ya same ta.

Wata 'yar'uwarmu ma'aikaciyar jinya ce ta ga kwalbar ta ce a dakata nan take. Maganin mai kyau ne, yana kashe ƙwayoyin cuta sosai, amma na ɗan gajeren lokaci ne, yawanci mako ɗaya zuwa biyu sai in likita ya ce a ƙara. In aka daɗe a kansa yana rina haƙora da harshe, musamman ga mai shan shayi, yana kuma canza ɗanɗano. Har ma ba a so a kurkure da shi nan take bayan man goge baki, sai an bar kamar minti 30. Wannan bayanin minti nawa zai ɗauke su? Da muka koma likitan ya ba da haƙuri, na ga abin bai yi masa daɗi ba, ya goge rinin ya fita tas. Amma da muka fito kanta sai ga sabon rasit. Laifinsu ne, mu muka biya. Ga kuma zaman benci cikin zafi babu wuta, sai marasa lafiya sun taru ake tayar da janareto, dattijuwa tana fifita da kati tana jira.

Abin da likitan ya koya mata dai yana aiki. Bai kushe asuwaki ba, ya ce ta ci gaba, sunna ce kuma yana tsaftace baki, sai dai ba ya shiga tsakanin haƙora. Ta ƙara da buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid, safe da kafin barci, minti 2, tana bin gindin haƙori a hankali ba da dirza ba, a sauya buroshin duk wata 3. Ta bar sakace da tsinken tsintsiya ta koma zaren sakace. Ya kuma ce in an ga jini ba a daina gogewa, barin wurin shi ke ƙara ciwon. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce sama da mutum biliyan 1 ke da ciwon dasashi mai tsanani, amma a nan wurinmu jinin dasashi ko ciwo ba a ɗauke shi ba. Kuma mu 'yan Sakkwato bai kamata mu yi wasa da shi ba, musamman a bakin yara: wani ciwo da ake kira noma, wanda aka buɗe wa asibitin yara na musamman a garin nan tun 1999, daga kumburin dasashi yake farawa a jikin ƙananan yara masu fama da rashin abinci mai gina jiki, kuma cikin kwanaki kaɗan yake cin fuska. Tun daga nan nake buɗe bakin 'ya'yana ina dubawa.

Za mu koma duba na gaba, kuma wurin likitan nan za mu koma, don hannunsa da gaskiyarsa na yarda da su. Amma duk abin da aka miƙo mini a kantar nan sai na koma ciki na tambaye shi da bakinsa, yaya ake amfani da shi, kuma har yaushe. Kuɗin gogewa ta biyu kuwa har yanzu ina ganin bai halatta su karɓa ba.