Gyaran karkacewar ido: na yarinya shiga ɗaya, na dattijo shiga biyu

Hajiya, kin ce an gyara wa jikarki karkacewar ido a rana ɗaya, tsoka biyu aka taɓa. Shi kuwa maigidanki, mai shekara sittin da ɗoriya, likita ya ce tsoka uku za a taɓa a ido ɗaya, kuma sai an raba aikin biyu da tazarar watanni. Har kina tunanin ko neman kuɗi ne. A ganina likitan nan ya san aikinsa, jinin idon yake tattali.

Tsokoki shida ke juya kowane ido. Huɗu miƙaƙƙu ne: ta sama, ta ƙasa, ta wajen hanci da ta wajen kunne. A jikinsu wasu siraran jijiyoyin jini guda 7 suke bi zuwa gaban ido, kowace tsoka na da biyu, sai ta wajen kunne mai ɗaya tak. Su ke kai wajen kashi 70 cikin 100 na jinin gaban ido. Da zarar an cire tsoka daga farin ido don a matsar da ita, jijiyoyinta sun yanku ke nan, kuma ba sa sake haɗewa yadda suke. Sai dai jini ya buɗe wasu hanyoyin a hankali.

To ga inda aikin jikarki da na maigida suka rabu. Aikin yara galibi a tsokokin gefe ake yinsa, kuma a gefe-gefen nan akwai wasu dogayen jijiyoyi biyu da ke tahowa daga bayan ido, suna cike giɓin. Ga jijiyar yaro da laushi, nan da nan take ɗaukar ƙarin aiki. Na maigida kuwa, tsoka uku miƙaƙƙu dole su haɗa da ta sama ko ta ƙasa, inda babu waɗancan masu agaji, ga jijiyoyin shekara sittin sun fara tauri. A yanke duka rana ɗaya, gaban ido na iya shiga yunwar jini: cikin kwana ɗaya ko biyu gani ya dushe, ido ya yi ciwo, garai-garan gabansa ya yi hazo, ɗigon tsakiyar baƙin ido ya karkace ya daina amsa haske. Abin ba ya yawan faruwa, kuma akasari yana lafawa da maganin ɗigawa cikin makonni, amma ɗigon nan kan zauna a karkace har abada.

Raba aikin kuwa, illarsa ɗawainiya ce: shiga tiyata sau biyu, kuɗi biyu, da haƙurin wata 4 zuwa 6 ido bai gama daidaita ba. Jiran yana rage haɗarin sosai, bai dai kawar da shi kwata-kwata ba.

Akwai hanyoyin tsakiya da za ku tambaya. Wasu likitocin kan ninke tsoka su ɗinke maimakon yanke ta, wasu kan ware jijiyoyin a ƙarƙashin madubin tiyata su bar su, wasu kuma su yi wa tsoka ta uku allurar Botox ta saki na ɗan lokaci.

Ku faɗa wa likita in maigida na da hawan jini, ciwon suga, ko an taɓa yi wa idon aiki. Mai sikila kuma, da muke da su da yawa, ko yaro ne kada a ɓoye, don shi ƙuruciyarsa ba ta fitar da shi daga wannan haɗarin.